Yadda Na Yi wa Maƙogwarona Giris

Ni dai karatuna na lakwal bai yi nisa ba. A aji huɗu muka rabu da mushe, wato malamin ajinmu, shi yana ganin ba ni da kai, ni ina ganin ba shi da haƙuri, kuma har yau ba a samu wanda ya raba mana gardamar ba. Amma abin da zan rubuta a nan ilimin likitanci ne, na kuwa same shi da jikina, a kwance, don haka ina roƙon masu manyan takardu su gyara zama.

Sana'ata kamasho ce a tashar Dogarawa. Ni ne mai tsayawa bakin kwalta ina kiran fasinja har mota ta cika, layina kuwa Konni. Tun ina da baƙin gashi nake kiran garin nan, har ta kai in na yi atishawa mutane sukan waiga su ga ko mota ta zo. Ba ni da gonar kirki, ba ni da shanu, ba ni da kanti. Abin da Allah Ya ba ni maƙogwaro ne, shi ne garmata, shi ne jakina. In na buɗe shi da safe, matan da ke daka a bayan gari sukan san motar farko ta fara lodi. Matata takan ce da aka kawo ta daga Illela ta yi zaton ihun na wurin aiki ne kawai.

Ihun nan shi ya jawo mini kaba a cibiya. Da fari kamar goro take, in na danna ta koma. Daga baya ta kai lemo, in na ce Konni sai ta leƙo ta cikin riga kamar ita ma tana da tafiya. Da ta fara hana ni ruku'u da daɗi, matata ta sa ni gaba muka je gidan likita. Likita ya tattaɓa, ya ce sai an yi aiki, kuma daga ranar in bar ihu har a gama. Wuƙa ba ta tsorata ni ba, na ga wanzamai da yawa a rayuwata. Sai ya tura ni wani buro, wato ofis, wurin wadda ke sa mutane barci kafin a taɓa su.

Yarinya ce, ba ta girmi ɗiyata ta biyu ba, da tabarau da murya mai sanyi. Ta sa na buɗe baki, na zaro harshe, na ɗaga wuya, ta duba haƙorana ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen jaki a kasuwar Illela. Ta ce wasu allura ake yi musu a baya rabin jiki ya mutu, amma ni, da inda kabar take da kuma bayana da ya karkace tun faɗowar da na yi daga saman mota tare da buhun albasa, barci za ta sa ni gaba ɗaya. In na yi barcin, za ta zura mini tiyo a maƙogwaro, inji ya riƙa yi mini numfashi. Ta ƙara da cewa in na farka mai yiwuwa maƙogwaron ya yi zafi, murya ta ɗan dushe na ƴan kwanaki, sannan ya wuce.

Na ce, "Ɗiyata, cibiya aka ce za a gyara. Mi ya kai ku maƙogwaro?"

Ta ce irin barcin nan mutum ba ya numfashi da kansa. Na tambaye ta ko babu wata ƙofar da za a bi.

Ta ce, "Baba, ƙofar da Allah Ya yi ke nan."

Ta ci gaba da magana mai tsawo. Wai in bar taba gari, in rage goro, kuma ranar aiki kada komai ya shiga cikina tun daga bayan tuwon dare. Wai akwai abubuwan da ita da kanta za ta yi don kare maƙogwaron. Matata tana ta gyaɗa kai. Ni kunnena ya tsaya a tiyo, bai ƙara gaba ba. Tiyon da na sani a duniya shi ne wanda direbobi ke zuƙo esansi, wato fetur, da shi daga jarka, shi nake gani ana cusa mini.

Da na koma tasha na ba da labari, kowa ya zama likita. Wani direba ya ce surukinsa an sa masa tiyon nan, ya fito yana magana kamar agwagwa. Mai shayi ya ce shi ya ji wani ma har yau da hannu yake sayen koko. Ana cikin haka shugaban sandikarmu, wato ƙungiyar ƴan tasha, ya iso, mutum mai tumbi da waya biyu, wanda bai taɓa kiran fasinja ko ɗaya ba amma ya san yadda ake yi. Kwana biyu sai ga shi da lasifika daga tsallaken iyaka, irin wadda masu maganin ɓera ke ratayawa a kasuwa, a yi mata magana sau ɗaya ta wuni tana maimaitawa. Ya ce in zuba muryata a ciki ta riƙe mini wuri kafin in dawo.

Wanda aka ba ya riƙe ta lokacin ɗauka shi ne taubashina, ɗan gwaggona, mai ɗaure kaya a saman motoci. Tun muna yawo ba wando muke cin mutuncin juna, kuma al'ada ta hana shi fushi, ni ma ta hana ni. Ya danna, na cika ƙirji, na riƙe cibiya da hannu ɗaya, na yi kiran da ban taɓa yin mai kyansa ba. Konni, Konni, Birnin Konni, saura mutum ɗaya. Na gama, shi yana tsaye yana kallona baki buɗe, yatsansa a sama. Na ce, "To ya isa, kashe ta mana, mai kan kabewa." Sannan ya kashe.

Da aka kunna, abin ya fito duka, har kabewar. Tasha ta kwashe da dariya. Taubashina ya ce a sake ɗauka. Shugaba ya ce likita ya hana ni ihu, ba zai ɗauki alhakin cibiyata sau biyu ba. Daga nan ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya yi mini magana irin ta manya, wadda ake yi da murmushi.

"Ka tahi ka yi jinyarka hankali kwance. In ka dawo da muryarka, wurinka na nan. In kuwa tiyo ya ci ta, ka ga dai abar nan ta riga ta koyi aiki."

Na yi dariya tare da shi, amma tuwo bai shiga ba ranar. Mutum mai shekaruna in aka tashe shi daga bakin kwalta, zaure kawai ya rage masa, da tasbaha, da korar awaki.

Aka rataye lasifikar a jikin bedin tasha, itacen da muke shan inuwarsa. Daga safe har la'asar tana kiran Konni, kuma duk ƙarshen kira sai ta zagi taubashina. Kafin ranar aikina ta zo, aparanti, wato yaran mota, sun daina kiransa da sunansa, masu tallar fura ma haka. Shi ya sa babu wanda ya fi shi son in dawo da murya, kuma da wuri. Ya zo gidana muka zauna shawara, mu biyu, tsofaffi masu sanin mota. Abin da muka cimma shi ne, a duk zamanmu na tasha ba mu taɓa ganin an zura wani abu cikin wani abu a bushe an wanye lafiya ba. Ƙafar mota sai da giris. Amalanke sai da giris. Ko ƙofar zaure in tana kuka mai ake ɗiga mata. To, yaya za a kai maƙogwaro irin nawa wurin tiyo a bushe? Yarinyar nan ta yi karatu, ba mu musa ba, amma ba ta taɓa kwance taya ba.

Ranar aiki da sassafe muna zaune a harabar gidan likita, ni da matata, sai ga shi a kan kabu-kabu da ƙwarya a rungume cikin zane. Man shanu ne, sabon kaɗi, daga wurin Bafillatanar da ke kawo nono tasha, ya kuma kwaɓa shi da zuma. Matata ta ce yarinyar ta ce kada komai ya shiga ciki. Muka duba maganarta da idon adalci. Taubashina ya ce abin da aka hana ci ne da sha. Na ce abinci shi ne abin da ake taunawa, abin sha kuwa shi ne mai kashe ƙishirwa, man shanu ba a tauna shi, kuma ba wanda ya taɓa dawowa daga gona ya ce a ba shi man shanu ya jiƙa maƙoshi. Saboda haka ba ya cikin waɗanda aka hana. Ya ce wallahi da mushe ya bar ni da yanzu ni alƙali ne. Matata ta ce ita dai ta faɗa, ta juya mana baya.

Na ɗaga kai sama kamar kaza, yana zuba mini ludayi bayan ludayi, ina haɗiya a hankali don ya bi kowane lungu. Abin da ya rage a ludayin ya shafe mini a wuya ta waje, wai don a tare matsalar ta fuska biyu.

Aka kira ni, aka ba ni wata riga wadda mai ɗinkinta ya manta da bayanta, na kwanta a gado mai ƙafafun taya. Yarinyar ta zo ta gaishe ni, ta tambaye ni ko na ci ko na sha wani abu. Na ce a'a, da zuciya fara tas. Ta sunkuyo za ta duba hannuna, sai ta tsaya. Ta shaƙi iska. Ƙudaje biyu da suka rako ni tun daga haraba suna zagaya kaina.

Ta ce, "Baba, mi ke ƙyalli ga gemunka?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da misalin amalanke, ina jiran yabo. Ta cire tabarau ta goge shi da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa. Ta tambayi yawansa. Na nuna mata da hannu. Ta sa aka kira matata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce man bai tsaya a maƙogwaro yana jiran tiyo ba, ya wuce ciki ya kwanta, kuma mai ya fi komai daɗewa a ciki. Mutumin da aka sa barci irin wannan, abin da ke cikinsa yakan taso, shi kuwa ba ya iya tari ba ya iya haɗiya, sai ya zarce huhu. Ta ce daga nan ba maganar murya ake ba, maganar rai ce. Ba za ta sa ni barci yau ba, akwai kuma mutane a layi, sai mako mai zuwa.

Matata ta ce, "Na hwaɗa musu, ɗiyata. Su biyu suka yi taro suka kada ni."

Ta ce, "To, Inna, daga yau ke ce jandarma mai gadinsa."

Haka na cire rigar nan marar baya na sa tawa, na fito da kabata yadda na shiga da ita. Taubashina na ganina a tsaye ya ce ai ya san giris zai sa aikin ya yi sauri. A hanyar komawa man ya nuna mini cewa lallai ciki ya tafi. Sau nawa na tsayar da mota na shiga gonar mutane, wannan ba zan rubuta ba, direban dai ya ce bai taɓa sanin hanyar tana da nisa haka ba.

Makon nan ya yi mini tsawo. Nakan je tasha in zauna a benci wurin mai shayi, in ji kaina ina aiki ban buɗe baki ba. Lasifikar ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta tafiya salla, ba ta roƙon goro. Mota na cike tana cewa saura mutum ɗaya, mota ba kowa tana cewa saura mutum ɗaya, wanda a gaskiya ni ma haka nake yi, sai dai ni ina yi da kunya. Mutane suka fara sonta. Yara sukan tsaya su jira ƙarshen su faɗa tare da ita. Wata mata daga Malbaza an ce ta bar mota ta tashi don ta sake jin kabewar. Shugaba ya wuce ni yana waya, ya ɗaga mini hannu ya ce kada in yi gaggawar komai, lafiya ta fi. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini zafi kamar wannan ba. Taubashina kuwa yana can saman mota da auduga a kunne, yana ɗaure buhuna kamar su suka zage shi.

Ranar da aka sake ba ni, matata ta kama aikin jandarma da gaske. Ta ƙwace goron aljihuna. Ko alwala na yi tana tsaye ta ga na zubar da ruwan kurkurar baki. Da taubashina ya iso ta laluba aljihunsa da hularsa, ta samu ɗan ƙullin citta da kanumfari, ta ce ya tsaya bayan ƙofar haraba tare da masu kabu-kabu.

Wannan karon yarinyar ta ce tunda kunnena ba ya riƙe magana, za ta nuna wa idona. Ta ɗauko irin tiyon ta ba ni na riƙe. Ɗan siriri ne mai laushi, bai fi ƙaramin yatsana ba, ko kusa da na esansi bai kai ba. Na ji kunya a madadin direbobinmu. Ta ce suna da girma-girma, ta zaɓo mini wanda zai shiga ba tare da ya goge gefe ba. A bakinsa akwai ɗan balan-balan da ake hurawa ya toshe hanya, ta ce shi ne yakan matse maƙogwaro in iska ta yi yawa, don haka tana da abin awo, ba da ka take hurawa ba. Na ce kamar taya. Ta ce kamar taya. Sai ta ɗauko wani ɗan bututu ta matso wani abu mai santsi a yatsa, ta ce wannan za ta shafe tiyon da shi kafin ta sa.

Na tashi zaune. Na ce wa matata ta zo ta shaida. Na ce, "Ɗiyata, tsakaninki da Allah, wanga ba giris ba ne?"

Ta ce, "Giris ne, Baba."

"To, mi na yi na laihi?"

"Kai ga injin ka zuba, ni ga ƙarhen nike shafawa."

Na karɓi wannan a matsayin rabin nasara, kuma har yau a haka nake ba da labarin a tasha, wani lokaci in ƙara kwata.

Sannan ta kawo wani magani a ɗan kofi, ta ce in ɗaga kai in kurkure maƙogwaro da shi sosai, yana rage zafin da ke biyo baya, amma in zubar, kada in haɗiye. Nan aka samu ƴar matsala. Ni tun da aka haife ni ban taɓa zubar da magani ba. A gidanmu ko na wani ne ya rage, shanyewa ake yi don kada ya lalace. Na ɗaga kai ina ƙarara, ina jin ɗan zaƙi-zaƙinsa, zuciyata tana ce mini abu mai kyau haka a ƙasa? Sai na ga matata ta kawo tasa daidai haɓata, idonta a kan ƙoƙon wuyana. Da ya motsa da na san sauran. Na zubar, duka.

Aka tura ni ɗakin aiki. Ta ce a cikin ruwan da ke shiga hannuna ta sa wani maganin da ke hana kumburi. Ta ɗora mini wani abu a hanci, ta ce in kira Konni a zuci. Na kira sau ɗaya, na fara na biyu. Ban san ko motar ta cika ba.

Da na farka cibiyata tana ɗaure, bakina a bushe, maƙogwarona kamar na haɗiyi ɗan ƙaiƙayin gero. Ba zafi sosai ba, ɗan kaikayi ne. Aka ce kada in yi ta gyaran murya da ƙarfi, in jira sai an ba da izni sannan in riƙa kurɓar ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Na bi duka. Abu ɗaya na kasa, shi ne gwada muryar. Tsoro nake ji in buɗe baki agwagwa ta fito. Matata ta tambaye ni jiki, na gyaɗa kai. Yarinyar ta leƙo ta ce in ce wani abu, na ɗaga mata babban yatsa. Haka na wuni. Matata ta gaya wa matar gadon kusa cewa tun da aka kai ta gidana ba ta taɓa samun wuni irin wannan ba, da za a ƙara mata ɗaya ba za ta ƙi ba.

Da la'asar aka bar taubashina ya shigo. Ya tsaya a kaina ya yi mini sannu, na gyaɗa kai. Ya sake, na sake gyaɗawa. Fuskarsa ta faɗi. Ya dubi matata ya ce shi ke nan, an hana giris ga abin da ya faru, yanzu shi da abar can ta jikin bedi har kabari. Ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Can kuma sai taubasantakar ta motsa, ya ga dama ta samu. Ya matso kunnena ya fara lissafo mini abubuwa, wai tun muna yara shi ke kayar da ni a kokawa, wai gwaggo ta ce da aka haife ni an yi zaton ɗan jaki ne saboda kuka, wai matata ma shi ta fara so aka yi mata dole da lallashi. Duk na haɗiye. Da ya ce kiran lasifikar ya fi nawa daɗi, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Mai kan kabewa, tashi, ka zauna mini bisa ƙahwa."

Ta fito tas, ba tsaga ba gargada. Ya yi tsalle ya miƙe, ya kama hannuna da hannu biyu yana alhamdu lillahi, ya ce in sake faɗa. Tun da muke bai taɓa roƙon a zage shi ba sai ranar. Matata ta yi ajiyar zuciya, ta ce to, hutu ya ƙare.

Murnata ba ta kai ƙofa ba. Ranar sallama likitan da ya yi ɗinkin ya ce ban da ɗaukar kaya, ban da ihu, har ɗinki ya kama sosai. Na tambaye shi bayan ya kama fa? Ya ce irin ihun da matata ta kwatanta masa, in na koma masa, kabar za ta dawo ta kawo ƙanwarta. Ni ina can ina gadin maƙogwaro, ban san cibiya ce za ta hana ni aiki ba.

Da na samu ƙarfin tafiya na je tasha ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Shugaba ya tarbe ni, ya tambayi murya. Na ce ga ta, yana ji. Ya ce to, ga mota can rabi, in kira mu gani. Na ce likita ya hana ihu. Shugaba ya buɗe hannuwa, ya dubi bedi, inda abar ke ta aikinta. Ya ce shi murya ya ce, amma murya ta tasha, ba ta hira da surukai ba. Na ja da baya. Na fara duban bencin mai shayi da idon mai neman wurin zama na dindindin.

Sai taubashina ya sauko daga saman mota ya ciro lasifikar daga jikin bedi. Ashe duk kwanakin nan, da zarar shugaba ya ba da baya, yakan sauke ta ya dinga danne-danne yana neman inda ake goge kabewar. Bai samu ba, amma ya gano wani maɓalli a ƙarƙashin mariƙi, wanda in ka riƙe shi ka yi magana, take ƙara maka ita nan take. Ya danƙa mini, ya ɗora yatsana a wurin, ya ce in yi a hankali kamar ina roƙon gishiri.

Na ce Konni, can ƙasa-ƙasa, cibiyata ko motsi ba ta yi ba. Wani jaki a tsallaken kwalta ya ɗaga kai. Sai na hango wani dattijon Bafillace da rago yana cinikin kabu-kabu. Na ce, "Baffa mai rago, kada ka wahal da shi bisa babur, akwai wuri sama gare shi, ƙasa gare ka, kusa ga taga." Ya waigo ya nemi mai maganar, ya jawo ragon. Na ga wata da kwandon kaji na ce mata kajinta sun ce mota suke so. Na ga wasu samari biyu na ce saura mutum ɗaya, amma tunda su biyun ba su kai mutum ɗaya mai ƙiba ba, su taho. Kafin shugaba ya gama amsa waya ɗaya, aparanti ya buga ƙofa. Da muryar nan ta fito a dushe daga gidan likita, da kukan agwagwa abar za ta ƙara wa ƙarfi har Malbaza.

Shugaba ya dubi motar tana tashi, ya dube ni, ya ce da ma abin da ya sayo ta dominsa ke nan. Ya ce in riƙe ta a hannuna. Ina riƙe da ita har yau.

Ga masu shirin shiga ɗakin nan, sakamakon bincikena shi ne, giris gaskiya ne, amma a bar wa mai tabarau ta sa da hannunta. Ragowar man shanun nan matata ta zuba shi a miyar kuka bayan na warke, nan ne ya yi aikin da aka halicce shi dominsa.

Taubashina ya roƙe ni, tunda shi ya cece ni, in nemi wanda zai goge tsohon kiran. Na ce masa magana ce babba, ina nazarinta. In shayina ya iso, ko zan zagaya, nakan rataye ta a bedi in danna wancan maɓallin na tsohon kiran, don kada layi ya yi sanyi. Nakan dai duba tukuna in tabbatar taubashina yana kusa.